Me ya sa man da ke ƙara wa kaza ƙiba yake tsinka nonon saniya?



Yau zan ɗan bar kaji da tarwaɗa in leƙa turken shanu. Da yawa daga cikinmu a nan ƙetaren kogi, daga Kakuri da Makera da Nasarawa har Gonin Gora da Maraban Rido, mun fara da kaji ko kifi ne, da abu ya ɗan kankama sai mutum ya ɗaure saniyar tatsa ɗaya ko biyu a bayan gida, galibi 'yar haɗi, wato Bunaji da aka barbara da irin na Turai. Kuma koke ɗaya ne nake yawan ji daga bakin waɗannan 'yan uwa: an inganta wa saniya abinci, an sa mata niƙaƙƙen waken suya, wani har mai yake tsiyayawa a cikin dusa kamar yadda yake yi wa kajin nama, nono bai ragu ba, amma ya tsinke. In an kwantar da shi maiƙon da ke tasowa sama ɗan kaɗan ne, in an kaɗa man shanu bai taka kara ya karya ba, mai saye kuma ya fara yi maka kallon wanda ke zuba ruwa. Wannan zargin ya fi asarar kuɗin ciwo, don wanda aka taɓa cewa yana tsarma nono da ruwa, kafin ya wanke kansa a unguwa sai ya sha wuya.

Amsar a taƙaice ita ce, saniya ba kaza ba ce. Amma bari mu bi abin a hankali, don in ka gane yadda yake aiki, kai da kanka za ka riƙa duba fomularka ba sai ka tambayi kowa ba.

Kaza da kifi cikinsu ɗaya ne. Man da ka zuba a abinci yakan wuce hanji, jiki ya tsotse shi kusan yadda yake, ya ajiye shi a kitse ko a gwaiduwa. Shi ya sa irin man da ka ba kaza yakan bayyana a ƙwanta, shi ya sa kuma tarwaɗar da aka cika wa mai za ka fede ta ka tarar da kitse jibge a ciki. A wajen waɗannan, lissafin "mai ya shiga, mai ya fito" yana tafiya daidai gwargwado.

Saniya kuwa tana da tumbi. Tumbi ba ciki ba ne irin namu, randa ce babba cike da ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya da danginsu, su ne ke fara cin duk abin da saniya ta haɗiya. Su ne ke narka ciyawa da kara da harawa su mayar da su wasu sinadarai masu tsami, mafi muhimmanci a maganarmu ta yau shi ne wanda ake kira asetet, dangin tsamin da ke cikin binega. Jini yakan kwashe shi ya kai hantsa, hantsa kuma ta gina maiƙo da shi. Wajen rabin maiƙon da ke cikin nono, hantsa ce ke ƙera shi da kanta daga abin da ciyawa ta bayar. Sauran rabin ne yake zuwa a shirye ta jini, daga man abinci ko daga kitsen jikin saniyar. Wannan ita ce magana ta farko da nake so ta zauna: man shanu, babban rabonsa ɗan ciyawa ne, ba ɗan mai ba.

Magana ta biyu, mai iri biyu ne, kuma kowa a cikinmu ya san bambancin ko da bai san sunan da masana suka ba shi ba. In hunturu ya kankama a watan Disamba da Janairu, manja da man shanu da kitse sukan yi barci, sai an ɗora a wuta ko an shanya a rana. Man waken suya kuwa yana nan a ruwansa. Mai mai barci, sinadaransa a cike suke, ba su da gurbin da wani abu zai maƙale. Marar barci yana da gurabe a jikinsa. Akwai wani sinadari mai gurbi biyu da ake kira linoleyik, shi ne fiye da rabin man waken suya, da man masara, da man angurya. A man gyaɗa yakan kai wajen kashi 30 cikin 100, a manja kuma wajen kashi 10 kawai.

To, su waɗannan ƙananan halittu na tumbi, mai marar barci guba ne a gare su, musamman masu narka ciyawa. Don su kare kansu sai su riƙa cike guraben nan ɗaya bayan ɗaya, har su mayar da man ruwa ya koma mai daskarewa irin na kitse. Shi ya sa saniya ke cin ɗanyar ciyawa mai ɗauke da mai marar barci amma kitsenta ya fito da tauri. In tumbi na cikin lafiya, ciyawa ta wadata, man kuma ba shi da yawa, aikin yakan bi hanyarsa ta kullum, babu wata matsala. Har ma a kan hanyar akan samar da wani sinadari da ake kira CLA, nau'in sis-9, tarans-11, wanda yake fitowa a nonon shanun da ke kiwo a daji, ba ya kuma taɓa maiƙon nono.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da abu biyu suka haɗu: tumbi ya yi tsami fiye da kima saboda yawan dusa da tsaba da ƙarancin ciyawa, sannan ga mai marar barci da yawa. A nan jama'ar tumbi takan sauya. Masu narka ciyawa su ja baya, wasu su mamaye wurin, su kuma hanyarsu ta sarrafa linoleyik daban ce. Maimakon wancan CLA ɗin sai su fitar da ɗan uwansa, tarans-10, sis-12. Sunan kusan ɗaya, bambancin wurin zaman gurbi ne kawai, amma aikinsu a hantsa ko kusa ba ɗaya ba ne.

Tun ƙarni na 19 Turawa suka lura cewa wasu abinci na tsinka nono, kuma an daɗe ana ɗauka cewa kayan gini ne ke ƙaranci, wato asetet ba ya isa hantsa. Sai a wajen shekarar 2000 Dale Bauman da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta Amurka suka nuna ainihin mai laifin. Sun riƙa zuba wannan tarans-10, sis-12 ɗin kai tsaye a cikin saniya, a bayan tumbi yadda ƙwayoyin ba za su taɓa shi ba. Giram 3.5 a rana ya rage maiƙon da saniya ke bayarwa da kashi ɗaya bisa huɗu. Giram 14, abin da bai wuce cokalin cin abinci ɗaya ba, ya zabtare rabi. Yawan nonon bai sauya ba, furotin ɗinsa ma haka. Maiƙon kaɗai ya faɗi. Ku dubi girman saniya, ku dubi cokali ɗaya. Abu kaɗan haka ba zai yi wannan ɓarna ta hanyar ƙarancin abinci ba. Saƙo ne yake kaiwa.

Ga yadda saƙon ke aiki. A cikin kowace ƙwayar halitta ta hantsa akwai ƙwayoyin gado, waɗanda saniya ta gada daga uwa da uba. Ku ɗauke su kamar kundin umarni a masana'anta: shafi kaza ya ce ga yadda ake haɗa injin da ke fara ƙulla asetet, shafi kaza na injin da ke tsawaita shi ya zama maiƙo, wani na mai ɗauko mai daga jini, wani na mai tausasa maiƙon don kada ya yi tauri da yawa. Masana suna kiran su da gajerun sunaye irin su ACACA, FASN, LPL da SCD. Kundin yana nan kullum, amma ba kullum ake karanta kowane shafi ba. Akwai wani furotin da ke aikin manaja, sunansa SREBP1, shi ne ke shiga ofis ya ce a buɗe waɗannan shafuka a yi aiki da su. Michael Brown da Joseph Goldstein, likitocin Amurka da suka ci kyautar Nobel a 1985 kan binciken kolestarol, su ne da ɗalibansu suka gano dangin wannan furotin a 1993, a binciken da ya shafi ɗan Adam. A 2006 Kevin Harvatine da Bauman suka nuna cewa in nonon saniya ya tsinke ta wannan hanya, SREBP1 ne ke yin ƙasa a hantsa, shafukan da yake buɗewa kuma duk su yi ƙasa tare da shi a lokaci guda.

Wato injuna na nan, kayan aiki na nan, an dai sallami manaja ne. Mu mutanen Kakuri mun san yadda masana'anta ke zama in an daina ba da umarnin aiki, ga gine-ginen masaƙu nan muna wucewa ta gabansu kullum. Sai dai ita wannan ta hantsa tana farfaɗowa. Ba a goge komai a kundin ba, ba a sauya jinin saniya ba, ba kuma abin da za ta gadar wa ɗan maraƙinta. Na faɗi haka ne don na san da an ambaci ƙwayoyin gado wasu sai hankalinsu ya tafi kan irin shukar nan da ake ta cece-kuce a kai. Wannan daban ne. Kunna fitila da kashe ta ne, ba sauya wayar gida ba. In aka gyara abinci, cikin mako 2 zuwa 3 maiƙo kan dawo.

Wani abin da ke ruɗar mai kiwo: ƙarfin da hantsa ta daina kashewa wajen yin maiƙo ba ɓacewa yake ba, jiki yake komawa. An auna an ga a daidai lokacin da shafukan maiƙo ke rufewa a hantsa, na tara kitse a jiki buɗewa suke. Sai ka ga saniya ta yi ɓul-ɓul, fata na sheƙi, maƙwabta na yaba maka, kai kuma kana ganin abincin ya karɓe ta. Ya karɓe ta mana, in turka ta kake don babbar salla. In don nono ne, kuɗinka na tafiya inda ba ka aike shi ba.

A kaza ma wannan manajan yana aiki, a hanta, don ita kaza a hanta take ƙera yawancin kitsenta. Man tsirrai a abinci yana rage wa hantar wannan aiki, kuma a wajen kajin ƙwai wannan ba laifi ba ne, yana ma iya rage taruwar kitse a hanta. Abu ɗaya, a nan alheri, a can asara. Ko tsakanin masu tuƙa ma ba ɗaya ba ne: a Faransa an gwada abinci mai yawan sitaci da man fure mai bin rana a kan shanu da awaki tare, nonon shanu ya tsinke, na awaki bai tsinke ba. Don haka wanda ya ce maka ya gwada a akuyarsa lafiya lau, gaskiya ya faɗa, amma ba hujja ba ce a kan saniyarka.

Yanzu mu dawo gida mu duba buhunanmu, don a ganina matsalar yawancinmu ba man galan ba ne, ɓoyayyen mai ne.

Waken suya da ba a tatse ba, kashi 18 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa mai ne. Wanda kamfani ya tatse da sinadari saura kashi 1 zuwa 2 kawai, wanda aka matse da ƙaramin inji kuma yakan rage da kashi 5 zuwa 8 ko fiye. Duk ukun a kasuwa "soya" ake ce musu, kuma mutum zai sauya daga wannan zuwa wancan saboda farashi ba tare da ya san ya ninka man da ke cikin abincinsa ba. Tunkuza da ƙuli-ƙulin gida sun fi GNC na kamfani mai nesa ba kusa ba, ƙuli ma ai a cikin mai ake soya shi. Dusar shinkafa tsantsa, wadda ba a cika ta da ɓuntu ba, takan haura kashi 12, ga saurin yin ɗoyi in ta kwana biyu a zafi. Dusar masara tana tafe da ɗan farin wurin nan da tsiro ke fitowa, a nan man masara yake, ga kuma ragowar gari mai saurin tsami a tumbi, wato ita kaɗai ta haɗa sharuɗɗan nan biyu. Dusar awara ma waken suya ce. Masu amfani da dusar kamfanonin giya, ko ta burkutu, su sani ita ma in an cire ruwanta man da ke ciki yakan kai kashi 7 zuwa 10, kuma mafi yawansa marar barci ne. Kowanne a cikinsu abinci ne mai kyau. Haɗuwarsu a kwano ɗaya, babu isasshiyar harawa, ita ce matsalar.

Ga lissafin da nake amfani da shi. Ƙa'idar da masana abincin shanu suka daɗe a kai ita ce, jimillar mai kada ta wuce kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na busasshen nauyin duk abin da saniya ta ci a rana. A ce saniyarka na da kilo 350, tana cin wajen kilo 10 na busasshen abinci, wato bayan an cire ruwan da ke cikin ciyawa da jiƙaƙƙiyar dusa. Kashi 6 na kilo 10 giram 600 ke nan. Ciyawa da harawa da dusar da ka saba bayarwa sun riga sun kawo wajen giram 300. Saura giram 300, kuma wannan iyaka ce, ba abin da ake so a kai ba. Kilo ɗaya da rabi na waken suya marar tatsa ya cinye wannan gurbin kaf. In ka ƙara ƙuli, ka ƙara dusar shinkafa, sannan ka tsiyaya gwangwanin mai a kai, ka wuce gona da iri tun kafin ka lura. Ga wanda ciyawarsa ba ta da yawa kuwa, ko giram 600 ɗin bai kai ba nono zai iya tsinkewa, don tsamin tumbi shi ke buɗe ƙofar.

Siffar da man ya shigo da ita ma tana da tasiri sosai. Man da aka tsiyaya daga galan yakan bazu a tumbi nan take, ya lulluɓe ciyawa, ya afka wa ƙwayoyin gaba ɗaya. Wanda ke cikin ƙwayar iri yana fita ne a hankali, gwargwadon yadda saniya ke tuƙa. Shi ya sa angurya sukutum, da ɗan gashin audugarta, ta fi man angurya aminci, ita ga mai, ga furotin, ga kuma zare da ke sa tuƙa. Ga saniya irin wadda muka yi lissafi da ita, kilo 1 zuwa 1.5 a rana ya isa. Waken suya kuma a ɓarza shi ya fi a niƙe shi luƙui. Mu masu kaji mun saba komai sai ya zama gari, to a nan hannun ya ɗan sassauta. Amma a kula, angurya na da wani sinadari mai suna gosifol. Babbar saniya na iya jure shi daidai gwargwado saboda tumbi, ɗan maraƙin da tumbinsa bai ƙosa ba ba zai iya ba, bijimin barbara ma a taƙaita masa. Kajin ƙwai kuwa kun san yadda ƙulin angurya ke ɓata launin gwaiduwa in ƙwai ya kwana biyu a ajiye.

Gargaɗi na musamman gare mu masu kifi da kaji, don mu ne ke da ragowar buhu a sito. Kada a ba saniyar tatsa ragowar abincin kifi. Man kifi na ɗauke da sinadaran da ke tsayar da ƙwayoyin tumbi kafin su kammala cike guraben nan, sai rabin-aikin ya taru, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya tsinka nono. Abincin kajin nama ma haka, ga masara luƙui, ga mai, sannan wasu na ɗauke da maganin kokosidiyosis irin su monensin, wanda shi kansa yana cikin abubuwan da ke karkata tumbi zuwa waccan hanyar, in ya yi yawa kuma guba ne ga dabba. Tun da Olam ta buɗe kamfaninta na abincin kaji da ƙyanƙyasa a kan hanyar Abuja, cikin ƙaramar hukumar Chikun, a 2017, ga sauran kamfanoni, samun abincin buhu ya yi sauƙi a wannan yanki, kuma kowane buhu an rubuta dabbar da aka haɗa shi dominta. A bi abin da aka rubuta. Man da masu ƙosai da suyar kifi suka gama da shi, wanda wasu ke saye da araha, shi kam ko kusa da turke kada ya je.

Za a ce to manja fa, tunda shi mai barci ne? Tambaya ce mai kyau. Wajen kashi 44 cikin 100 na manja wani sinadari ne mai suna falmitik, cikakke, ba ya damun ƙwayoyin tumbi sosai, hantsa kuma na karɓarsa ta zuba a nono. A manyan gonakin waje ana sayar da falmitik da aka tace daga manja, fari kamar garin kyandir, kuma yana ɗan ɗaga maiƙon nono da gaske. Akwai kuma wanda ake ɗaure man da sinadarin kalsiyam ya zama kamar sabulu don ya wuce tumbi bai narke ba, dabarar da aka fito da ita a Jami'ar Jihar Ohio a farkon shekarun 1980. A Kanada a 2021 har rigima aka yi, masu saye suka ce bota ta daina laushi, aka ɗora zargi a kan wannan abinci, ƙungiyar masu kiwon shanun nono ta ƙasar ta nemi manoma su duba wani madadin kafin a gama bincike. Amma manjan kasuwa ba tataccen falmitik ba ne. Rabinsa marar barci ne, kuma in ka zuba shi a dusa zai lulluɓe ciyawa kamar kowane mai. Ga saniyar da ke ba ka lita 5 ko 8, ni ban ga ribar sayen manja a zuba mata ba, kuɗin a sa a harawa ya fi. PKC yana da amfani, musamman da rani, shi ma dai a lissafa man da ya rage a cikinsa, don in ya yi yawa yana rage cin abinci.

Wannan cuta ta turke ce, ba ta daji ba. Bunajin da ke yawo a Ladduga ko rugagen hanyar Kachia tana cin ciyawa yini guda, nononta kaɗan ne amma ga kauri, shi ya sa kindirmon da ake kawowa kasuwar Kakuri ko Sabon Tasha daga ruga yake da maiƙo in ba a taɓa shi ba. Matsalar Fulani da rani yunwa ce, ƙarancin furotin, abin da ya sa masu binciken ILCA a shekarun 1980 suka yi ta gwada killatattun filayen ciyawar sitailo a yankin Kachia da Kurmin Biri. Tamu matsalar a gari kishiyar wannan ce: dusa na da sauƙin samu, buhu ne ka ɗora a Keke, harawa kuwa tsada gare ta ga cin wuri. Sai mutum ya cika kwano ya bar ragar ciyawa wayam. Manyan gonaki irin ta Arla da ke Damau a ƙaramar hukumar Kubau suna da masu auna musu abinci, NAPRI da ke Shika ma aikinta ke nan. Mu namu awon ido ne da sikeli, don haka sai mu san abin da za mu duba.

Abu na farko tuƙa. Saniyar da ta kwanta hutawa ya kamata ka gan ta tana tuƙa, don yawun da take haɗiyewa shi ne maganin tsamin tumbi na asali. In kana da shanu da dama kuma mafi yawan na kwance ba sa tuƙa, akwai magana. Sai kashi: in ya koma ruwa-ruwa, da kumfa, ko kana ganin tsaba a ciki, tumbi ya yi tsami. Sannan ka samu kwalba mai miƙaƙƙen jiki wadda ake ganin ciki, ka zuba madarar safe bayan ka gauraya duk abin da ka tatsa, ka ajiye a firji ko wuri mai sanyi ta kwana, ka auna kaurin maiƙon da ya taso da rula. Kowane mako, kwalba ɗaya, ka rubuta a littafin da kake rubuta ƙwai. Ba awon ɗakin gwaji ba ne, amma zai nuna maka ranar da abu ya fara sauka, ka duba wane buhu ka sauya a makon. Ɗan ma'aunin nan da masu karɓar madara ke tsomawa, nauyin ruwa yake aunawa, ba maiƙo ba. Madarar da maiƙonta ya ragu ba tare da an zuba ruwa ba ma sama yake nunawa, ba ƙasa ba, don maiƙo ya fi ruwa rashin nauyi. Wannan hujja ce da za ka iya kare kanka da ita in an zarge ka.

In kana son ganin abin a kuɗi: lita 10 mai maiƙo kashi 4.5 tana ɗauke da wajen giram 450 na maiƙo, in ya sauka zuwa kashi 3 ya koma giram 300. Sulusin man shanunka ya tafi, kuma ka biya kuɗin waken da ya kore shi.

Kafin ka ɗora wa abinci laifi, ka tabbata ba tatsa ba ce. Madarar farko da ke fita daga hantsa tsararo ce, ta ƙarshe ita ce mai maiƙo, bambancin yakan ninka sau uku ko fiye. In kana tatsar farko ka saki maraƙi ya ƙarasa, shi ke shan man shanun. Haka nan a watannin farko bayan haihuwa, lokacin da nono ya fi yawa, maiƙo kan ɗan yi ƙasa da kansa. Zafin Maris da Afrilu na rage tuƙa, saniya na haki tana zubar da yawu, don haka inuwa da ruwa na cikin maganin. Sabuwar ciyawar farkon damina ma, ruwa ce zalla babu zare, a haɗa ta da busasshiya. 'Yar haɗi kuma, in jinin Holstein ya yi mata yawa, daga halitta nononta bai kai na Bunaji kauri ba, babu abincin da zai mayar da ita Bunaji.

In ka tabbata abinci ne, gyaran ba wuya. Fara cire man galan da duk wani ragowar abincin kifi ko kaji, a yau ɗin nan. Cikin masu ɓoyayyen mai ka bar ɗaya, ka ajiye sauran. A busasshen nauyi, ciyawa da harawa da karmami su zama aƙalla rabin abin da take ci, kuma kada a niƙe su, a daddatsa dai kamar tsawon ɗan yatsa don ta samu abin tuƙa. Da safe a fara ba ta harawa kafin dusa. Dusar kuma a raba ta sau 2 ko 3 a yini maimakon a jibga mata lokaci guda. Dusar da kake ragewa a rage ta a hankali cikin mako guda, don kada yawan nonon ya faɗi warwas. Manyan gonaki na sa bekin soda a abinci don rage tsamin tumbi, kanwar da iyayenmu ke ba dabbobi ma danginsa ce, tana taimakawa, amma ba ta maye gurbin harawa.

Wanda ke shirin sayen saniya bana, ya fara tanadin harawar wake da ta gyaɗa tun lokacin kaka, Oktoba zuwa Disamba, kafin farashi ya tashi, ya kuma samu rumfar da ruwa ba ya taɓawa. Mai ɗan fili a gefen tankunan kifi kuma ya dasa ciyawar Nefiya a inda yake zubar da ruwan tanki in ya sauya. Ruwan na ɗauke da takin da take so, kuma da shi za ta yi ta tohowa har cikin rani, ana yanka duk bayan mako 6 zuwa 8.